Yadda zaka karanta surutun jama'a kan kashi na uku kafin ka yanke wa fim hukunci

Duk wanda ya taɓa bin fim mai kashi uku, irin na almarar kimiyya ɗin nan masu jiragen sararin samaniya da mutum-mutumi da harbe-harbe, ya san abin da ke faruwa ranar da na ƙarshen ya fito. Tun kafin gari ya waye mutane sun rabu gida biyu, waɗannan suna cewa ba a taɓa yin kamarsa ba har sai da suka zubar da hawaye, waɗancan suna cewa darakta ya ci amanarsu ya ɓata musu shekarun da suka yi suna jira, kai kuma da baka gani ba kana tsakiya ka rasa maganar wa zaka ɗauka. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, yawancin masu magana kan kashi na uku ba da fim ɗin da ke gabansu kaɗai suke auna shi ba, da wanda suka riga suka shirya a cikin kansu suke auna shi. Shekara biyu ko uku mutum yana saƙa yadda ya kamata labarin ya ƙare, wa zai mutu, wa zai auri wa, ta yaya za a gama da bos, toh in aka zo aka ba shi wani abu daban dole ransa ya sosu ko da abin da aka ba shi ɗin mai kyau ne. In ka gane wannan, sauran duk dabara ce ta tace magana, kuma ita zan nuna maka.

Fara da toshe ƙofa

Kafin komai ka kare kanka daga masu fasa ƙwai, don in aka faɗa maka ƙarshen kashi na uku ba fim ɗaya aka ɓata maka ba, uku ne. A X akwai wurin da zaka sa kalmomin da baka son gani, ka sa sunan fim ɗin, amma kar ka tsaya nan, ka sa sunayen jaruman na cikin labari da sunan darakta, don mai fasa ƙwai ba kasafai yake rubuta sunan fim ba, cewa kawai zai yi wane ya mutu. A Facebook zaka iya dakatar da ganin mutum ko shafi na kwana 30 ba tare da ya sani ba. YouTube ya fi ko'ina haɗari, saboda ba sai ka buɗe bidiyo ba, hoton da ke kai da rubutun taken sun isa su gama da kai, don haka a makon farko in zaka iya ka rage shiga. Kar kuma ka buɗe shafin fim ɗin a Wikipedia da sunan wai sunayen 'yan wasa kawai zaka duba, labarin gaba ɗaya yana nan a sama har ƙarshe.

Wa ke magana, kuma yaushe

Surutun baya zuwa lokaci guda, zuwa yake kashi-kashi, kuma kowane kashi da irin mutanensa.

Na farko su ne waɗanda aka gayyata kallon buɗewa, 'yan jarida da masu manyan shafuka, waɗanda kamfani ke ba izinin rubuta gajeren ra'ayi kwanaki kafin a bar cikakken sharhi ya fito. Kusan kullum yabo zaka gani a nan, ba wai don duk ƙarya suke ba, amma mutumin da aka gayyata ya zauna ɗaki ɗaya da jaruman fim ana tafi ana shewa, da wuya ya fito ya ce abin bai yi ba. Abin da zaka duba a maganarsu shi ne abin da basu faɗa ba. In kowa yana yabon hoto da sauti da girman faɗa amma babu wanda ya ce uffan kan labari, to akwai magana.

Na biyu su ne 'yan daren farko, masoya na gani-kashe-ni da suka sayi tikiti tun makonni. Su ne suka fi kowa ƙara a yabo, su ne kuma suka fi kowa zafi in abin bai musu ba, saboda su suka fi zuba rai. Na uku su ne sauran jama'a da ke zuwa a mako na biyu da na uku, waɗanda suka ga na ɗaya da na biyu sau ɗaya suka wuce, basu da wata doguwar tatsuniya a kai, kawai suna son fim mai daɗi. Ni a ganina in kai ba ɗan gani-kashe-ni ba ne, maganar waɗannan ta fi kusa da abin da zaka ji, sai dai su basu cika rubutu ba, sai ka nema.

Lambobin nan da ake ta yawo da su

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, sai kaga an ɗauko hoton maki an manna ana cewa kun gani ko, alhali mai mannawar ma bai san me lambar ke nufi ba.

Makin masu sharhi na Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara sharhin fina-finai, ba ya nufin kyawun fim kashi kaza cikin ɗari. Ƙirga yake yi, cikin masu sharhin da suka rubuta, nawa ne suka ce ya yi. Fim zai iya samun kashi 90 alhali kowa cewa ya yi ba laifi kawai, wani kuma ya samu kashi 55 alhali rabin mutanen sun haukace a kansa rabi sun tsane shi, kuma kashi na uku sau da yawa irin na biyun nan yake zama. Daga kashi 60 zuwa sama ne suke ba shi jan tumatir, alamarsu ta cewa fim ya yi. Shafin Metacritic kuwa matsakaicin makin masu sharhi yake fitarwa daga 0 zuwa 100, shi ya sa lambarsa kan yi ƙasa da ta wancan kuma ta fi nuna zafi ko sanyin yabon. A shafin fina-finai na IMDb kowa mai rajista zai iya ba da 1 zuwa 10, toh kar ka tsaya a lambar da ke sama, ka buɗe inda aka nuna yadda ƙuri'un suka rabu. In kaga tsauni a 10 da wani tsauni a 1 tsakiya kuma fayau, ba kallo ake aunawa ba, faɗa ake yi. Ka tsallake su ka karanta masu 5 da 6 da 7, su ne suka zauna suka yi tunani. Haka ma a Letterboxd, shafin da masu kallo ke ba fim tauraro har biyar, masu tauraro biyu da rabi zuwa uku da rabi sun fi faɗin abin da zai amfane ka.

Sai CinemaScore, wanda ni na fi ba shi nauyi a kwanakin farko. Kamfani ne a Las Vegas da tun ƙarshen shekarun 1970 yake tura mutane gidajen sinima a wasu biranen Amurka ranar buɗewa, suna raba kati ga waɗanda suka fito daga kallo su ba da maki daga A+ zuwa F. Amfaninsa shi ne ka tabbata duk wanda ya ba da makin ya ga fim ɗin da idonsa. Amma sai ka iya karanta shi, tunda 'yan daren farko ake tambaya, makin kan yi sama. A ko A- na nufin sun fito da murna, B+ a babban fim mai tarin masoya alama ce an fara gunaguni, B kuwa ka san da yawa sun fito jiki a sanyaye duk da a makaranta B maki ne mai kyau.

Bari in ba ka misali ɗaya da zai haɗa maka duka. Akwai jerin Star Wars mai kashi uku da ya fito a 2015 da 2017 da 2019. Na biyun, The Last Jedi na Rian Johnson, masu sharhi sun ba shi sama da kashi 90 a Rotten Tomatoes, makin jama'a a wurin ya faɗi ƙasa da kashi 50, amma CinemaScore ya ba shi A. Na ukun, The Rise of Skywalker na J.J. Abrams, sai abin ya juye, masu sharhi kusan rabi ne kawai suka ce ya yi, makin jama'a ya haura kashi 80, CinemaScore kuma B+. Wanda ya kalli makin jama'a kaɗai zai ce ai na uku ya ninka na biyu farin jini, alhali waɗanda aka tambaya a ƙofar sinima sun fi jin daɗin na biyun. Me ya faru a tsakani? A 2019 Rotten Tomatoes ya canja tsari, bayan an yi ta yi wa wasu fina-finai taron dangi da ƙaramin maki tun kafin su fito, ya fara nuna makin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti. Kaga kenan lambobin biyu ma ba da mudu ɗaya aka auna su ba. Duk lokacin da wani ya jera maka makin kashi uku yana kafa hujja, ka tambaya ko hanyar ƙirgar ɗaya ce.

Kuɗin da fim ya kawo

Wannan gajere ne amma yana da amfani. Kuɗin makon farko na kashi na uku hukunci ne kan kashi na biyu, saboda waɗanda suka sayi tikitin basu ga na ukun ba tukuna, abin da na biyu ya bar musu a rai ne ya kawo su ko ya hana su zuwa. The Matrix Reloaded, kashi na biyu na jerin Matrix, ya fito a Mayun 2003 ya buɗe da sama da dala miliyan 91 a ƙarshen makon farko a Amurka, na ukun, The Matrix Revolutions, ya biyo baya a Nuwamba na shekarar ya buɗe da kusan miliyan 48. Mutane sun riga sun fara ja da baya tun kafin su gan shi. Hukuncin na ukun kansa a mako na biyu yake fitowa, yadda kuɗin ya faɗi, don a nan ne ake ganin ko waɗanda suka gani sun ce wa abokansu ku je ko ku bari. A ƙarshe Reloaded ya tara kusan dala miliyan 740 a duniya, Revolutions kusan miliyan 427. Amma fa kar ka ɗauki raguwar kuɗi a matsayin shaidar fim bai yi kyau ba, War for the Planet of the Apes, fim ɗin birrai na 2017, ya kawo kusan miliyan 490 bayan na gabansa na 2014 ya haura 700, kuma yana cikin kashi na uku da masu sharhi suka fi yabawa.

Tace ƙorafin, nan ne aikin yake

In ka tara ƙorafin mutane ka zuba a faifai ka sheƙe, zaka ga iri uku ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Iri na farko shi ne ba haka na so ba. Jarumin da nake so ya mutu, waɗanda nake so su haɗu basu haɗu ba, hasashen da na yi shekara biyu ina karewa ya tashi a banza. Wannan ɓacin rai ne na gaske kuma bana raina shi ko kaɗan, mutum ya shaƙu da labari ne shi ya sa ya ji zafi, amma ba ya gaya maka komai kan ko kai zaka ji daɗin fim ɗin, sai in burinku ɗaya da shi. Zaka gane shi da kalmomin da ya kamata ace, da ni ne da, ai kowa ya san wane ne ya dace.

Iri na biyu shi ne ba haka aka mana alkawari ba, kuma wannan ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Kashi na ɗaya da na biyu bashi suke ci a wurin mai kallo, suna buɗe tambayoyi suna cewa ka jira, na uku ne ranar biya. In ya zo bai biya ba, ko ya biya da wani abu da ba shi aka ranta ba, mai ƙorafi yana da gaskiya. Misalin da ya fi fitowa fili ma ba fim ba ne, wasan kwamfuta ne, Mass Effect 3 na 2012. Wasanni uku ana gaya wa mutum duk zaɓin da ka yi yana da tasiri, wanda ka ceta da wanda ka bari, sai aka zo ƙarshe mutane suka ga ƙarshen da ake samu sun yi kama da juna sosai duk hanyar da ka biyo. Ihun ya yi yawa har kamfanin BioWare ya fitar da ƙarin bayani na ƙarshen kyauta a watan Yuni na shekarar. Waɗannan ba cewa suke a ba mu ƙarshe mai daɗi ba, da yawansu cewa suke a ba mu abin da aka ce za a ba mu.

Wani lokaci alkawarin ba fim ne ya yi ba, talla ce ta yi. Na birran nan na 2017 da na ambata, sunansa yaƙi, tallarsa yaƙi, sai mutane suka shiga suka tarar da fim mai nutsuwa da nauyi, tafiya cikin ƙanƙara da zaman sansanin bauta da Caesar, shugaban birran, yana kokawa da zuciyarsa kan ɗaukar fansa. Wanda ya ce an yaudare shi bai yi ƙarya ba, amma laifin na masu talla ne, fim ɗin kansa ya cika abin da na 2011 da na 2014 suka fara. Toh in ka karanta irin wannan ƙorafin ka ci riba, ka shiga da sanin me zaka tarar.

Iri na uku shi ne ba a yi shi da kyau ba. Labari yana gudu kamar ana korarsa, an cusa sabbin mutane a ƙurarren lokaci, an dawo da wanda ya mutu ba tare da bayani mai gamsarwa ba, faɗan ya yi tsawo har ka daina sanin wa ke harbin wa, an manta da wani jarumi da aka gina a baya. Wannan shi ne ƙorafin da ya fi shafarka, kuma alamarsa ita ce mai yin sa yana iya nuna maka wurin, zai ce daga minti kaza zuwa kaza, ko fitowa kaza. In kaga mutane daban-daban da basu san juna ba, har da waɗanda suka so fim ɗin, suna nuna wuri ɗaya, ka yarda akwai rami a wurin, ruwa baya tsami banza.

Yanzu ɗauki The Matrix Revolutions ka gwada, kuma zan taɓa ƙarshensa, wanda bai gani ba ya tsallake wannan sakin layin. Mutane sun jira Neo, jarumin fim ɗin, ya ragargaza injina ya 'yantar da kowa, sai fim ya ƙare da sulhu, masoyiyarsa Trinity ta mutu, Neo ya makance ya ba da ransa, Matrix ɗin ma, wato duniyar ƙarya da injina suka kulle mutane a ciki, tana nan ba a rushe ta ba. Masu cewa mu nasara muka zo gani ba sulhu ba, iri na farko ne. Masu cewa Reloaded ya tara mana tambayoyi a ɗakin Architect, wanda ya ƙera Matrix ɗin, kuma aka zo aka bi ta kansu sama-sama, iri na biyu ne kuma suna da hujja. Masu cewa an ɗauke Neo daga allo na dogon lokaci ana nuna mana yaƙin Zion, birnin 'yan Adam, da mutanen da bamu shaƙu da su ba, kuma fim mai suna Matrix kaɗan ne daga cikinsa ya faru a cikin Matrix, iri na uku ne, kuma ni ma ina tare da su a nan. Amma ƙarshen kansa, sulhun nan, har yau ina ganin shi ne daidai da abin da labarin ke faɗa tun farko, don an riga an nuna mutum da inji kowa na rataye da ɗan'uwansa. Kaga fim ɗaya, ƙorafi uku, in ka haɗa su a buhu ɗaya ka ce mutane basu so shi ba, baka koyi komai ba.

Akwai kuma abin da ba ƙorafi ba ne sam, zagi ne, masu bin 'yan wasa shafukansu suna cin mutuncinsu saboda launin fata ko don mace ce ta ja fim. Wannan kar ka sa shi a ma'auni ko kaɗan, ka wuce.

Yabon ma a tace shi

Muna yawan zargin masu suka mu manta masu yabo ma zuciya ke ɗibarsu. Kashi na uku yana da wani makami da sauran basu da shi, bankwana. Ka yi shekaru da waɗannan mutanen, aka sa kiɗan nan na farko a hankali, aka nuno fuskar da ka yi kewa, dole jikinka ya yi yam, kuma kana fitowa zaka rubuta cewa fim ɗin ya kai ƙarshe. Bayan sati biyu in aka tambaye ka me ya faru a tsakiyar fim ɗin sai ka yi shiru. Don haka in kana karanta yabo ka duba, yana maganar abin da wannan fim ɗin ya yi ne, ko abin da ya tuna masa? Wanda duk yabonsa wane ya dawo, an maimaita maganar nan ta kashi na ɗaya, sinima ta ɗauki ihu, yana ba ka labarin daren ne. Wanda ya ce ga yadda aka warware abu kaza da aka ƙulla tun farko kuma ban zata ba amma da na duba baya na ga an shuka shi, wannan shi zaka bi.

Kafin ka shiga kallo

In da hali ka sake kallon na ɗaya da na biyu a makon, ba taƙaitawar minti goma ta YouTube ba, don mai taƙaitawa ra'ayinsa yake cusa maka ba tare da ka lura ba. Kana gamawa ka ɗauki waya ka rubuta tambayoyi uku ko huɗu da fina-finan da kansu suka bari a buɗe, sannan a gefe ka rubuta abin da kai kake fata. Raba su ɗin nan shi ne duk sirrin, na farko bashi ne da kake bin fim ɗin, na biyu kuwa buri ne naka, ba wanda ya ɗaukar maka alkawarinsa.

Ka ɗan leƙa yadda aka yi fim ɗin ma, ba labarinsa ba. Darakta ɗaya ne tun farko ko an yi ta canjawa? An ɗauki na biyu da na uku a tare ne, kamar yadda aka yi wa Matrix da kuma Back to the Future na 1989 da 1990, ko kowanne sai da aka ga kasuwar na baya? Wanda aka ɗauka tare yawanci rabin labari ɗaya ne aka raba biyu, in ka kalli na ukun shi kaɗai zai zo maka kamar an fara daga tsakiya. Wanda kuma aka yi ta canja hannu, ka sa ran ganin na uku yana ƙoƙarin gyara ko goge abin da na biyu ya yi. Akwai ma abin da ba laifin kowa ba, Gloria Foster da ta fito a matsayin Oracle a Matrix ta rasu a 2001, shi ya sa Mary Alice ta karɓi matsayin a Revolutions, wanda bai sani ba sai ya ɗauka wani rikicin labari ne aka ƙirƙiro don a ruɗa shi.

Bayan ka fito

Kar ka buɗe waya a bakin ƙofa. Wallahi wannan ita ce shawarar da na fi so ka ɗauka, saboda minti goman farko ra'ayinka ɗanye ne, duk wanda ka fara karantawa shi zai zuba maka nasa ka ɗauka naka ne. Ka kwana da shi. Washegari ka buɗe abin da ka rubuta ka duba, cikin bashin nan nawa aka biya, cikin burin nawa ya cika, sai ka ga ko haushin da kake ji ko daɗin daga wane ɓangare ya fito.

In zaka rubuta naka, ka fara da faɗin ko akwai fasa ƙwai a ciki, kuma ka bar tazara kafin ka shiga, kar ka sa shi a layin farko ko a hoto. Ka faɗi matsayinka, na ɗaya ka fi so ko na biyu, sau nawa ka gani, don mai karatu ya san da wane ido ka kalla. Ka nuna wuri, ban so yadda aka kashe wane ba saboda an yi shi cikin sauri ba a bar kowa ya yi jimami ba, ya fi amfani sau ɗari akan fim ɗin shirme ne. Kuma in ka haɗu da wanda ya saɓa maka, tambayar da ta fi buɗe magana ita ce, kai ya ka so a ƙare shi? Daga amsarsa zaka gane ko kan aikin fim kuka saɓa ko kan buri, kuma sau da yawa zaka tarar kun yarda da juna a ramukan, nauyin da kowa ya ba su ne ya bambanta.

Sannan ka bar ƙofa a buɗe don ra'ayin jama'a kan kashi na uku baya zama wuri ɗaya. Return of the Jedi na 1983, na uku a jerin Star Wars na farko, ya sha suka daga manyan masoya kan 'yan ƙananan halittun nan Ewok, ana cewa don sayar da kayan wasan yara aka sa su, yaran da suka kalle shi a lokacin kuwa suka girma suna ƙaunarsa. Revenge of the Sith na 2005, na uku a wani jerin Star Wars ɗin, ya fito lokacin da ake ta yi wa jerin nasa dariya, yau kuma akwai tarin mutanen da suka taso da shi suna sa shi a sahun gaba, har aka mayar da shi sinima a 2025 don cika shekara 20 kuma jama'a suka fita kallo sosai. Wani lokacin ma wanda aka ce shi ne na ƙarshe ba shi ba ne, Matrix ta dawo da na huɗu a 2021. Don haka ka ajiye abin da ka rubuta ɗin nan kar ka goge, ka sa wa kanka tuni a waya bayan shekara ɗaya, lokacin ƙura ta lafa ba wanda ke jiran ka zaɓi ɓangare, ka zauna ka kalli ukun a jere cikin kwana biyu ko uku, sannan ka buɗe tsohon rubutun ka gwada da abin da kake ji a ranar.